Jira Likita

Shekara goma sha bakwai ina mataki ɗaya,
kamar raƙumin ban ruwa:
tafiya ba ta ƙarewa, rijiyar ba ta gusawa.
Hannuna ya san jijiyar wuyan bokolo ko a duhu,
kunnena kan gane ciwon huhu tun daga bakin shinge,
amma in takarda ta zo neman sa hannu
sai a ce, “Haliru, jira likita.”

Likitar kuwa Luba ce,
wadda na koya wa kama tunkiya
shekarar da ta zo sanin makamar aiki,
tana tsoron ƙaho, tana ɓoye tsoron cikin mayafi.
Ban ji haushinta ba. Wallahi ban ji ba.
To, na ɗan ji, wata Laraba a kasuwar Acida,
na kora shi da ruwan leda.

Ita ce ma ta ajiye mini fom a tebur,
ta danne shi da kwalbar maganin tsutsa
kada fanka ta ɗauke.
“Malam, cike.
Abin da ke hannunka ya isa hawa takarda.”

Jajayen awakina uku suka tafi kuɗin rajista.
Ta ukun tana da ciki. Ban waiwaya ba.

Yanzu da hantsi in yi allura a Kara,
da azahar babur ya kai ni Dundaye,
warin garke na biye da ni har bayan aji,
in zauna cikin yaran da ke firamare
ranar da na fara riƙe sirinji.
Darasin ƙididdiga ya kayar da ni sau biyu
kamar bijimin da aka manta ɗaure wa ƙafa.
Da dare Kulu, ɗiyata, ke riƙe mini yatsa kan kwamfuta:
“Baba, a hankali, ba kaska kake cirewa ba.”

Bincikena kashin awaki ne, kada a yi dariya.
Ina tsintar sa a fadamar Kwalkwalawa,
in jiƙa, in tace, in leƙa ta madubi,
in ƙirga ƙwan tsutsar hanta ɗaya bayan ɗaya
har idona ya fara ganinsu a cikin tuwo.
Abin da na daɗe da sani a jika
yau ina neman sa da lamba,
don lamba ce yaren da ofis ke ji.

Julɗe ya same ni durƙushe a bayan rugarsa.
“Mi kaka biɗa ga kashin akuya?”
Na ce ƙarin girma.
Ya yi dariya har sandarsa ta faɗi,
sannan ya yi shiru, ya ce,
“In sun ba ka takardar, kana zowa,
ko kujera za ta cinye muna kai?”
Ban amsa ba. Ban san amsar ba.

Daren da zan kare kundina
waya ta yi ƙara ƙarfe biyu.
Saniyarsa ce, maraƙi ya juyo da baya.
Na bar shafi na sittin a buɗe,
na zura hannu har kafaɗa,
na lalubo kofato, na juya, na jira nishinta,
muka ja tare.
Ya faɗo, ya yi atishawa, uwar ta hau lasa.

Ƙarfe tara na tsaya gaban malamai biyar,
aidin bai gama fita daga farcena ba.
Mai furfurar cikinsu ya ɗaga tabarau:
“Wannan bayani na shafi na arba'in,
a wane littafi ka samo shi?”

Na dubi hannuna.
A bayan ɗakin, Luba ta sunkuyar da kai tana murmushi.
Ba wanda ya ce in jira kowa.
Na gyara murya, na fara.